Tsakanin Hajiya, mai jego da gwangwanin madara

Assalamu alaikum Anti. Mai ɗakina ta haihu sati takwas da suka wuce, haihuwar fari, namiji. Tun tana da ciki ta ɗaura niyyar ba shi nono zalla har wata shida. Mahaifiyata ta zo ta zauna da mu don ta kama mata. Yaron akwai kuka, musamman daga magariba zuwa tsakar dare: ya sha, a kwantar da shi, bayan rabin awa ya sake nema. Hajiya ta ce yunwa ce da ƙishirwa, ita ma mai jegon ta ce nonon ya daina cika kamar da. Da muka je rigakafin sati shida an auna shi, kilo 4.4, an kuma haife shi da 3.1, nas ta ce lafiya lau, amma kukan bai tsaya ba. Kwana goma ke nan na sayo madarar gwangwani ban yi shawara da matata ba. Da farko sau ɗaya da dare, yanzu sau uku a rana, Hajiya tana ƙara masa da ruwa a cokali. Barci kam yana yi. Sai dai nonon ya ƙara raguwa, kan nonon ya tsattsage har sai ta cije leɓe in za ta ba shi, ba ta yi mini magana sai ta dole, kuma na sha tarar da ita tana kuka. Saura wata guda ta koma aiki. Ba na son in saɓa wa mahaifiyata, ba na son in cuci matata. Ina mafita?

Uban ɗa da ke tsaka mai wuya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah Ya raya, Ya ba mai jego lafiya.

Rabin amsarka tana cikin wasiƙarka, ka rubuta ta ka wuce kamar ba komai ba. Yaron da aka haifa da kilo 3.1 ya kai 4.4 a sati shida, ba da komai ba sai nonon uwarsa, bai taɓa kwana da yunwa ba. Yi lissafin da kanka: giram 1,300 cikin sati shida, sama da giram 200 ke nan duk sati. Ka tuna kuma jarirai kan rage nauyi a kwanakin farko, sai wajen kwana 10 zuwa 14 su maido nauyin haihuwa. Abin da ake nema a watannin farko bai wuce giram 150 zuwa 200 a sati ba. Wato ranar da ka ɗauko gwangwanin nan, nono yana isar ɗanka har da rara. Raguwar da kuke gani yanzu gaskiya ce, amma gwangwanin ya riga ta shigowa gidan.

Mutane suna ɗaukar nono kamar randa, a cika ta, a yi ta ɗiba har ta ƙare. Ya fi kama da rijiya mai ido, wadda ja ne ke sa ta kawo sabon ruwa. Duk sanda yaro ya tsotsa, saƙo na tafiya ƙwaƙwalwar uwa, ta saki wani sinadari da ake kira furolaktin, shi ne ke sa a haɗa nonon da za a sha nan gaba. Sinadarin nan ya fi yawa da dare. Idan kuma nono ya zauna a cike ba a sha ba, jiki sai ya fahimci an yi yawa, ya sassauta. To dubi abin da ke faruwa a gidanka. Kullum sau uku ana gaya wa jikin matarka cewa ba a bukatar abin da ya haɗa. Madarar gwangwani ta fi daɗewa a cikin jariri kafin ta narke, shi ya sa yake dogon barci, kuma shan da ya fi tsallakewa shi ne na dare, wanda ya fi kowanne ƙara nono. Ga bulumboti yana zuba ba wahala, yaro ya saba da sauƙi, in an mayar da shi nono ya yi ta fizge-fizge yana kuka, sai a ce ai ga shi nan, ba komai a ciki. A ƙara masa gwangwani. Gobe nonon ya ƙara ja baya.

Za ka ce to kukan fa, ai ya riga gwangwanin. Ya riga shi. Kukan jarirai yakan kai ƙarshen yawansa ne wajen sati shida zuwa takwas, kuma da yamma ya fi tsanani, sannan ya lafa wajen wata uku zuwa huɗu. Masu shan gwangwani ma suna yin sa. Neman nono a jejjere da yamma, a sha a saki a sake nema, shi ma halin jarirai ne, kuma yakan ƙaru a wasu lokutan girma, kamar wajen sati uku, sati shida da wata uku. Yaro ne ke ƙara wa kansa odar nonon gobe. Laushin da nonon ya yi kuwa, a daidai wannan lokacin jiki ke gama gane adadin da ake bukata, ya daina cikar nan mai tauri ta farkon jego. Abubuwa uku suka haɗu muku a sati guda, kowannensu lafiyayye, kuka karanta su a matsayin yunwa. Iyaye da yawa a nan suke sakin shayarwa. Abin da ke nuna yaro yana ƙoshi shi ne sikeli, sai fitsari: ya jiƙa ƙunzugu ko famfas aƙalla sau shida a kwana ɗaya, fitsarin kuma garau, ba mai duhu da wari ba. Shan nono sau takwas zuwa goma sha biyu a kwana ɗaya, har fiye, ba alamar ƙaranci ba ne.

Ruwan cokalin nan shi ne abin da zan ce a tsayar yau. Kashi 87 cikin ɗari na nono ruwa ne, ko a ƙasashen da suka fi zafi yana kashe wa jariri ƙishirwa. In ana zafi, a ƙara ba shi nono. Ruwa yana cike ɗan cikin da ya kamata abinci ya shiga, yana iya kawo gudawa, kuma ƙodar jariri ba ta yi ƙwarin da za ta fitar da ruwa mai yawa ba.

Yanzu ciwon. A haihuwata ta fari sati uku na yi ina shayarwa da gefen zani a bakina, ina cije shi kada in yi ƙara. Kowa ya ce haka abin yake, in yi haƙuri fatar za ta saba. Ran nan wata tsohuwar ungozoma ta zauna kusa da ni, ba ta ce uffan ba, ta tsaya kallon yadda nake riƙe da yarinyar. Can sai ta sa ƙaramin yatsanta a gefen bakin jaririyar ta zare nonon, ta juyo da ita gaba ɗaya har cikinta ya manne da nawa, ta daidaita hancinta da kan nonon, ta ce in jira. Muka jira har ta wangale baki kamar mai hamma, sannan ta turo ta da sauri, ta kafaɗu ba ta ƙeya ba. Na runtse ido ina jiran zafin, bai zo ba. Abin da na ji shi ne ƙarar haɗiya, ƙut, ƙut, wadda sati uku ban san ana jin ta ba.

Tsagewar kan nono kusan kullum daga kamu take. Yaron da ya kama daidai bakinsa a buɗe yake sosai, leɓensa na ƙasa ya juyo waje, haɓarsa ta taɓa nonon, baƙin da ke kewaye da kan nono ya fi bayyana ta saman bakinsa fiye da ta ƙasa. Wanda ya saba da bulumboti yakan tsuke baki ya cafki kan kaɗai, ya yi ta murza shi da dasashi, ga ciwo ga ƙarancin abin da yake samu. Wannan ba a gyara shi ta wasiƙa. A cikin satin nan ka kai ta wurin ungozoma ko nas, a zauna a kalli shan tun daga farko har ƙarshe, a duba ƙasan harshen yaron ko yana da linzami. Kafin nan ta riƙa shafa ɗan ruwan nonon a wurin bayan ya sha, ta bar shi ya bushe, ta daina sa masa sabulu. Idan wani sashe na nonon ya kumbura ya yi zafi, ga zazzaɓi da ciwon jiki, kada ta daina ba shi daga wannan ɓangaren, kuma in ya wuce kwana ɗaya ba sauƙi a je asibiti.

Akwai sinadari na biyu, oksitosin, kuma a nan maganar ta iso kanka. Shi ne ke matso nonon da aka riga aka haɗa ya gangaro bakin yaro. Natsuwa ke sakin sa, da ƙamshin jariri, da jin cewa ana tare da kai. Zafi da tsoro da kunya da ɓacin rai suna riƙe shi. Ka kwatanta zaman matarka da magariba: yaro yana tsala ihu a ƙirjinta, kan nono yana zugi, surukarta tana tsaye tana cewa ba komai a ciki, mijinta ya shigo da gwangwani a leda bai ce mata komai ba. Ko da nonon cike yake, da ƙyar zai sauko. Maganar "nononki bai isa ba" idan aka yi ta maimaita ta a kan mace, tana iya zama gaskiya.

Laifinka ɗaya ne, kuma ba sayen madarar ba ne, don tausayin ɗanka ya sa ka saya. Ka yanke hukunci a kan jikinta da ɗanta ba ka tambaye ta ba, abin da ta ji kuwa shi ne an taru an ce ta gaza. Ka ba ta haƙuri a kan wannan, ka ambaci laifin da sunansa, kada ka haɗa da "amma". Sannan ka tambaye ta abin da take so yanzu, ka saurara har ta gama. Mai yiwuwa ta ce tana son komawa nono zalla. Mai yiwuwa ta ce ta gaji, a ci gaba da haɗawa. Duk wanda ta zaɓa, nata ne.

Hajiya kuwa ba zan bari a mai da ita abokiyar gaba ba. Jikanta take jin yana kuka, kuma ta yi renon da ya fitar da kai. Ka sani ma shawarar wata shida ba daɗaɗɗiya ba ce: a 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da ita, kafin nan wata huɗu zuwa shida ake cewa. Ba mamaki abin da take yi shi ne abin da aka koya mata, kuma ta ga ya yi. Kuskuren da za ka yi shi ne ka bar matarka ta yi wannan muhawarar. Suruka ba ta cin gardama da uwar miji, in ta ci ma ta faɗi. Maganar taka ce, kai da mahaifiyarka, ku biyu, a lokacin da yaro ba ya kuka. Ka ɗora laifin a kanka: "Hajiya, kun ga nauyinsa a kati, nonon yana karɓarsa. Ni na yi gaggawar sayo madarar nan. Ina so mu gwada sati biyu yadda ma'aikatan asibiti suka ce, ku taimaka mana da riƙonsa da yamma, don a hannunku ya fi yin shiru." Ranar awo ka tafi da ita, ta ga sikelin da idonta, ta yi wa nas tambayoyinta da bakinta. Gani ya kori ji. Kuma kada ka karɓe cokalin daga hannunta ka bar hannun haka nan. Wanda ya zo taimako aka ce masa ya zauna ya yi kallo, gyara zai koma yi. Ta karɓi yaro in ya gama sha, ta sa shi ya yi gyatsa, ta yi ta jijjiga shi a lokacin rigimar nan, mai jego ta samu ta runtsa.

Kai ma akwai naka. Shayarwa a wannan watan tana cin awanni da yawa a kwana, duk aikin gidan da ya faɗo a kanta daga lokacin yaron aka cire shi. In ya motsa da dare, kai ka tashi ka canza masa, ka miƙa mata shi tana kwance, in ya gama ka karɓa. Ka ajiye mata ruwan sha inda hannunta zai kai. Ka tabbata tana ci ta ƙoshi. Mai shayarwa na bukatar ƙarin abinci kusan kalori 500 a rana, kuma babu wani abinci na musamman da ya kai yawan tsotso ƙara nono. Baƙi in sun daɗe, kai za ka sallame su.

Idan matarka ta zaɓi komawa nono zalla, kada a yanke gwangwanin dare ɗaya, tunda nonon ya riga ya ja baya. Kowane lokaci nono za a fara ba shi, duka biyun, sannan a cika da madara in yana nema, a ƙaramin kofi maimakon bulumboti. Duk bayan kwana biyu ko uku a ɗan rage adadin, ana ƙirga fitsari, ana auna shi sati-sati. Ta yawaita kwantar da shi a ƙirjinta fata da fata, ta daina tsallake shan dare. Kwana goma ba su yi nisa ba, an ga waɗanda suka fi haka daɗewa nono ya dawo. Muddin kuma ana haɗa madarar, a haɗa ta yadda aka rubuta a jikin gwangwanin, kada a tsinka ta don ta yi auki. Garin madarar ba a tsarkake yake daga ƙwayoyin cuta ba, shi ya sa ake haɗa shi da tafasasshen ruwan da zafinsa bai sauko ƙasa da digiri 70 ba, a huce sannan a ba shi, abin da ya rage a zubar.

Bari in ɗan kauce. Kada ka ga kamar kai kaɗai ka taɓa tsayawa gaban kanta kana ganin gwangwani shi ne maganin kuka. Cinikin madarar jarirai ya kai kusan dala biliyan 55 a shekara, kuma tallarsa ta ƙware wajen nuna wa iyaye kuka da rashin barci a matsayin matsalar da ake saye a magance. Tun 1981 Majalisar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙa'idar hana irin wannan talla, ƙasashe 118 suka amince, Amurka kaɗai ta ƙi. Duk da haka har yau jariran duniya 'yan ƙasa da wata shida da ke shan nono zalla ba su kai rabi ba. A 2016 mujallar likitoci ta Lancet ta ƙiyasta cewa da kusan kowane yaro zai samu shayarwa yadda ya kamata, da an kauce wa mutuwar yara kimanin 823,000 duk shekara, da ta mata 20,000 daga sankarar mama. Galibin matan da suka bari ba niyya suka rasa ba.

Komawa aiki shi ne shinge na gaba, kuma tun yanzu ake shirya masa. Yarjejeniya ta 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2000, ta ce hutun haihuwa kada ya gaza sati 14, kuma mai shayarwa tana da haƙƙin hutun shayarwa a lokacin aiki ba tare da an zaftare mata albashi ba. Ba kowace ƙasa ta sa hannu ba, don haka ta bincika abin da dokar wurinku da ta ma'aikatarsu suka tanada, ta nema a rubuce: ɗan lokaci kamar duk awa uku, da ɗaki mai tsafta mai ƙofa, ba banɗaki ba. Sati biyu kafin ta koma ta fara koyon tatsa, ko da hannu ne. Nonon da aka tatsa a mazubi mai tsafta da murfi yana kai awa huɗu a ɗakin da ba zafi, kwana huɗu a firji, wata shida in an daskarar da shi. Wanda ya fi dacewa ya riƙa ba shi a kofi in uwar ta fita, ai ka san ko wace ce, Hajiya. Idan ta dawo, da dare, da ranakun hutu, nono kai tsaye.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai matan da nononsu ke gazawa da gaske: wadda ta zubar da jini mai yawa wurin haihuwa, wadda guntun mabiyiya ya rage mata a mahaifa, mai matsalar tayirod, wato ƙwayar nan da ke gaban wuya, wadda aka taɓa yi wa tiyata a nono, ko wadda ta fara maganin tazarar haihuwa mai sinadarin istirojin da wuri. Nauyin ɗanka ya nuna matarka ba ta cikinsu, sai dai in ta fara wani magani a kwanakin nan, a gaya wa nas. In aka yi duk abin da ya kamata sikeli ya ƙi motsi, a ci gaba da madara ba tare da kowa ya sunkuyar da kai ba. Amma idan yaron ya ƙi sha, ya yi laushi ba ya farkawa da kyau, fitsari ya ragu sosai, maɗigarsa ta lotsa, ko zafin jikinsa ya kai digiri 38, wannan na asibiti ne a take, ko da tsakar dare.

Kukan matarka ya fi tsaya mini a rai fiye da na ɗanka. Zai iya zama ciwo ne da rashin barci da takaici, ya tafi in an gyara waɗannan. Amma kusan mace 13 cikin ɗari kan shiga ciwon damuwa bayan haihuwa. Idan ya wuce sati biyu tana cikin ƙunci, ba ta iya barci ko yaro ya yi barci, ba ta cin abinci, tana cewa ba ta da amfani ko gara ba ta raye, kada ka ce mata ta yi haƙuri. Ka kai ta ga likita, akwai maganin da ake sha ana shayarwa.

Gwangwanin kuma ka ɗauko shi daga inda yake ka kai ɗakinta, daga yau ita za ta riƙa cewa a haɗa ko kada a haɗa. In kun auna yaron bayan sati biyu, ka rubuto mini nauyin.